Ɓarin Goron Mai Rumbu

Zulai, kin ce min aikinki yanzu shi ne auna bayanan da ake rubuta wa na'urorin nan masu zuwa aike da kansu, a ga ko bayanin zai kai su su shiga manhaja ba tare da lambar sirri ba. Kika ce in na'ura ta kasa shiga har haushinta kike ji. Ni ban san kwamfuta ba, amma tun da muka ajiye waya maganar take cina. Bari in ba ki misali.

A wani gari akwai rumbun ajiya na jama'a, ba kwaɗo, ba makulli. Mai tsaronsa tsoho ne, idonsa ya yi rauni, da yatsu yake gani. In aka zo aka ambaci sunan mai kaya, sai ya ɓare goro, ya riƙe ɓari ɗaya, ya ba ɗan garuwa ɗayan ya kai gidan mai kayan. Wanda ya dawo da ɓarin, aka haɗa ya zauna daram, shi ake buɗe wa. To, wata mata tana takaba, ba halin fita, ga ruwan shuka ya sauka, irin geronta kuwa yana rumbun. Sai ta sami wani baƙo ɗan ƙodago, mutum ne da abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Ta bayan asabari ta ce masa, "Ka je ka faɗi sunana, ka dawo ka karɓi goro, ka kai a ba ka iri." Ya je, ya faɗa, ya dawo ya karɓa. Da ya koma sai ya yi sallama irin ta mai ladabi, ya ce daga gidan wance yake. Jin sunan ke da wuya tsoho ya jefa tsohon ɓarin a baki, ya ɓare sabon goro, don a wurinsa ambaton suna sabuwar buƙata ce. Baƙo ya miƙa nasa, bai haɗu ba. Ya koma gidan ya karɓo sabon ɓarin, ya sake faɗin sunan; haka aka yi sau uku. A na ukun tsoho ya ɗaga murya ya ce ɓarawo, mutane suka taru. Aka zo aka tambayi matar, ita kuwa ranta a ɓace, laimar ƙasa na gudu, ta ce, "Ni dai na yi masa bayani sarai, abin da ya yi da goron shi ya sani."

Washegari yayar mijinta ta ce a bar zargi, a gwada maganar kanta. Aka sami wata baƙuwa mai sayar da tabarmi, aka ce matar ta maimaita mata kalmomin nan, kada ta ƙara ko ɗaya. Baƙuwa ta je, ta yi tuntuɓe daidai inda na farko ya yi. Aka sake da wani direban da ya kwana a garin, shi ma nan. Sai a lokacin matar ta tuna: kowane ɗan gari ya san in ka koma ba ka cewa uffan, goron kawai kake sa wa tsoho a tafin hannu. Tun tana goye take ganin ana yi, shi ya sa ba ta ɗauke shi abin faɗa ba. Zulai, an ce ta ja mayafi ta rufe fuska, alhali mata ne kaɗai a ɗakin. Shuka ta makara, amma ba wannan ya dame ta ba. An bi sawun ɗan ƙodagon don a wanke shi, aka tarar tuni ya haye rafi da buhun kayansa, da sunan da ta bari aka laƙaba masa. Ba ta ma san garinsu ba, balle ta aika neman gafara.

Don Allah 'yata, in kin ga 'yan aike uku sun yi tuntuɓe a wuri ɗaya, ki fara duba bakin mai aiken, ko da ke ce kika rubuta. Ai masu iya magana sun ce, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.