Dattijo Mai Babban Ƙaho

Tunda kana tunanin sallamar dattijon nan daga wurin aikinka, Alhaji, zauna tukuna ka ji wani misali.

An yi wasu mabusa biyar, tsofaffin 'yan badujala, da suka ci gaba da busa tare bayan sun ajiye kaki. Huɗu na busa ƙananan ƙahoni da matsakaita, na biyar kuwa shi ke rungumar babban ƙahon tagullan nan mai ƙatuwar murya. Shi ne ya girme su duka. Tun rasuwar matarsa ba abin da ke fitar da shi daga gida sai masallaci da ranar gwajin busa, ga numfashinsa ya soma gajarta. Da aka gayyace su wasa a zauren taron gari, sai sauran suka sami shugabansu, wanda ke tsara musu busa, suka ce a nemo matashi mai ƙarfin ƙirji ya maye gurbin dattijon. Shugaban ya tuna yadda dattijon ke riga kowa zuwa gwaji, ya zauna yana goge ƙahonsa da tsumma har ya yi ƙyalli. Sai ya koma gida ya kwashe sati uku yana tsara sabuwar busa ta raha, kashi huɗu: tafiyar agwagwa, cinikin akuya, minsharin mai shago da azahar, da jakin da ya ƙi haye gada. A kowane kashi ya ba dattijon sauti kaɗan, gajeru, da hutu mai tsawo a tsakani yadda numfashi zai ishe shi. Bai gaya wa kowa dalili ba.

Ranar wasa zaure ya cika maƙil. Aka zo kashin jaki, ƙahoni huɗu suka yi ta lallashi, sannan suka tsaya don babban ƙaho ya amsa. Shiru. Shugaban ya ɗauka numfashin ne ya yanke, kuma shi ya jawo wa bawan Allah kunya a bainar jama'a. Ashe dattijon jira yake. Sai da ya ga mutane sun miƙa wuya, sannan ya saki sauti ɗaya tak, mai kauri, irin na jakin da ya riga ya yanke shawara. Zaure ya kece da dariya, wata mata har ɗankwalinta ya zame. Wannan jinkirin ba ya cikin takardar busar da shugaban ya rubuta. Shekara arba'in na busa ce ta koya masa.

Da aka watse, dattijon ya riƙo hannun shugaban, idonsa ya ciko, ya ce, “Na ga abin da ka yi mini, ƙanena. Allah ya rufa maka asiri.” Shugaban ya ce, “Yaya, ai rabi na rubuta, kai ka cika.” Tun daga ranar ba wanda ya sake tayar da zancen matashi.

Ka ji dalilin da ya sa magabata suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.