Muryata a Motar Maradun

A motar Maradun direba ya kunna sabon fodkas ɗinmu, wato shirin sauti kan fasaha da muke ɗorawa a intanet. Sai na ji muryata tana tallar wata manhajar da ban taɓa gani ba.

Aminina, wanda muka fara shirin tare a shagonsa na Mafara, shi ya riƙe hannuna a asibiti ya ce, "Wallahi ba ni ɗora komi sai ka warke." Ashe tsofaffin shirye-shiryenmu ya ba kwamfuta ta kwaikwaye ni.

"Kai, wanga mutum ya iya magana!" in ji dattijon da ke gefena.

Na buɗe baki in ƙaryata. Iska kawai ta fito, don tunda aka yi mini aikin maƙogwaro ban sake magana ba.