Ranar da Na'urar Asibiti Ta Gaida Baba

Tun da aka kafa na'ura a ƙofar asibitin garinmu, ita ke yanke ranar da mara lafiya zai ga likita. Tambaya ɗaya take yi, ba ta maimaitawa.

Barira ta riƙo mahaifinta, Malam Tanimu, wanda kwana uku ke nan ko koko ba ya zama a cikinsa. A layi ta kasa tsayuwa wuri ɗaya.

"Baba, don Allah in ta tambaye ka, ka ce da zafi."

Wata ma'aikaciyar jinya ta raɗa mata, "Ki dage masa. Samari masu lafiya aka ɗauko suka yi ta ihun ciwo, da muryarsu aka koyar da ita. Wai naɗar muryar marasa lafiya na gaske akwai tsada."

Layi ya zo kansu. Na'urar ta yi sallama cikin ladabi. "Baba, yaya jiki?"

Malam Tanimu ya dafe ciki, gumi na zuba. Ya waiwayi mutanen da ke bayansa. Shekara saba'in bai taɓa yin raki a gaban jama'a ba.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Da sauƙi."

"Madalla," in ji na'urar.

Takarda ta fito: a dawo bayan mako shida.