Shaidar Ambrus Mai Kiɗa

Ana tsakiyar gwajin kiɗan bikin Ista aka zo kiran Ambrus. Ba bara aka aiko ba, sojoji biyu ne, kuma ba su cire huluna ba da suka shigo coci.

Tsohon ya sallami makaɗansa, ya bi su ba tare da ya tambayi dalili ba.

Fiye da rabin rayuwarsa ya yi yana tsara kiɗa a gidan sarautar nan. Ya yi wa tsohon maigida, yanzu yana yi wa ɗansa Lorant, mai ƙasar tun daga bakin kogi har gindin duwatsu. Kiɗan aure, na farauta, na jana'iza, duk daga hannunsa suke fitowa. Babu kuma yaron da ya taɓa fiyano ko goge a yankin bai zauna gabansa ba.

Har Vienna, babban birnin Sarki, an san salonsa. Kiɗan Ambrus ba ya ihu. A natse yake tashi, ya zaga, ya yi tambaya, ya jira amsa, sannan ya dawo inda ya faro ya zauna. Haka yake koya wa yara, da 'yar sanda a hannu. Wanda ya yi gaggawa, yatsunsa su gaya masa.

Sojojin suka hau da shi ɗakin da ke can saman hasumiya. Matakalar ta dutse ce, ƙunƙuntacciya, ga ƙanƙara ta daskare a kanta. Da ƙyar ya kai.

A ɗakin ya tarar da Lorant zaune kusa da murhu. Gefensa wani siririn mutum ne mai baƙar riga, mai binciken da fadar Sarki ta turo. A ƙasa kuwa, ɗaure da sarƙa, Benedek ne, mai yi wa cocin ƙauye kiɗa. Ɗalibin Ambrus ne shi ma. Tun da maigida ya killace dajin da talakawa ke yin itace, Benedek ne bakinsu, har ana cewa yana shirin kai ƙara Vienna da ƙafarsa.

"Zauna, Malam," in ji Lorant da fara'a. "Kunnenka muke son aro."

Mai binciken ya yi bayani a taƙaice. Wata waƙa ta ɓulla a kasuwa tana tsine wa Sarki, ta bi masu keken doki har ta isa babban birni. Wanda ya tsara ta, igiya ce makomarsa. Babu wanda ya ga lokacin da aka yi ta, amma maigida ya ce akwai tsohon da ke gane hannun kowane ɗalibinsa ko da idonsa a rufe.

Aka shigo da mai goge, ya ja waƙar.

Tun kafin ta kai rabi Ambrus ya gane salon. Ba aikin ɗan kasuwa ba ne, wanda ya yi ta ya yi karatu, kuma a ɗakin Ambrus ya yi shi. Ga tashin, ga zagayen, duk nasa ne. Sai dai da ta yi tambaya ba ta jira amsa ba. Ta yi tsalle sama, ta doki sauti ɗaya sau biyu kamar yaro mai buga ƙafa a ƙasa, ta tsaya cak a can, ba ta dawo ba.

Ya san wannan bugun ƙafar. Ya sha jin sa a ɗakin koyarwa, ya sha kwana da haushinsa.

"To?" in ji mai binciken. "Na wannan ne?"

Benedek ya ɗago kai. Leɓensa a fashe yake. Bai roƙi komai ba, kallon malaminsa kawai yake yi. Ambrus ya tuna da matar Benedek mai tsohon ciki. Ya kuma tuna da nasa ɗan ɗakin, da tuwon masararsa mai ɗumi, da 'yan shekarun da suka rage masa.

"Ba nasa ba ne," ya ce. "Yana yaro ya taɓa yin wannan tsallen, na fasa masa yatsa a kai. Yau ko a buge yake ba zai iya ba. Na rantse da Allah."

Itace ya fashe a murhu. Lorant bai motsa ba.

"In haka ne, wane ɗalibinka ne bai rabu da halin ba?" in ji mai binciken.

"Duk na raba su da shi, ranka ya daɗe."

Mai binciken ya daɗe yana dubansa, sannan ya sa aka kwance Benedek. Ya ce gobe da safe zai sake zama da tsohon, su biyu kawai, ko zai tuna wani suna.

Lorant ya miƙe yana murmushi, ya ce wa sojojin su zauna. "Malamina ne, ni zan sauke shi. Matakalar nan ta ci mutane."

Ya rufe ƙofa a bayansu, ya kama damtsen tsohon da hannu mai ƙarfi. Ƙasa ta yi nisa, ga santsi.

"A hankali, Malam," ya raɗa masa. "Kullum kai ke cewa a bar gaggawa."

Ambrus ya sa ƙafa a kan ƙanƙarar. Cikin duk yaran da ya koyar, ɗaya ne tak bai taɓa samun ikon bugun yatsunsa ba, saboda ɗan maigida ne. Shi kaɗai bai rabu da tsallen nan ba, kuma yatsunsa ne yanzu ke riƙe da shi.