Ƙuli-ƙulin Kaka a Bakin Katanga

A lakwal ɗinmu ta Zango, wato makarantar boko, malaminmu da muke ce wa Mushe ya kafa doka: duk wanda ya yi Hausa maimakon Faransanci cikin filin makaranta, a rataya masa ƙashin kan akuya a wuya, ya yini da shi ana yi masa dariya. Mu da kanmu muke tsaron juna.

Wata rana da la'asar muna wasa, sai ga kakata ta zo daga ƙauyen Droum. Ta tsaya bakin katanga da ƙullin ƙuli-ƙuli a hannu. Tun daga nesa na ji ƙamshin man gyaɗar da ya jiƙa tsumman.

"Mai gidana!" ta kira ni, tana dariya. "Zo ka karɓi cefanenka."

Yara suka zuba mini ido. Kaka ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya. Na sunkuyar da kai ina haƙa ƙasa da yatsan ƙafa.

"Ko ba ka gane ni ba ne?"

Ban amsa ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta aje ƙullin bisa katanga, ta ce wa yaran, "Ku ba shi. Ku ce ban yi fushi ba." Ta juya ta tafi.

Yanzu na yi furfura, amma in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ran nan Mushe ko lakwal bai zo ba, yana gida kwance da zazzaɓi, kuma duk mun sani.