Koriyar Motar da Sixten Yake Jira

Koren fentin jirgin ruwa ne, ragowar da wani masunci ya rasa yadda zai yi da shi, ta saya a araha. Da ma ta fara zuwa wurin mai fesa motoci na garin. Da ya faɗi kuɗinsa ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaye shi ko da zinariya yake damawa, ta juya abinta.

Ta haura saba'in, amma ita kaɗai ta goge tsohuwar motarta Volvo mai ruwan toka da samfefa, har yatsunta suka daina jin komai. Ta lulluɓe gilasai da fitilu da tsofaffin jaridu. Sannan ta ɗauki rola irin ta fentin bango, ta fara daga rufi.

An ba mijinta Sixten gado a gidan kula da tsofaffi, ran Litinin mai zuwa zai shiga. Mutanen hukuma ba su yi mata kwana-kwana ba: ko ta kai shi da kanta, ko su turo motar asibiti da ƙarti da allura. An taɓa gwada hakan a bara. Ya rungume ƙofa yana kuka, ya jiƙa wandonsa, maƙwabta na kallo. Ta ce ba za a sake ba, ba dai a gidanta ba.

Matsalar ita ce Sixten ba ya shiga motar kowa. Tun da kansa ya fara juyewa, kullum da safe sai ya sa kwat da hula, ya ɗora 'yar jaka a cinya, ya zauna bakin taga yana jiran Majken ta zo da koriyar mota. Ita da take dafa masa, take yi masa wanka, take yanke masa farce, baiwar Allah yake ce mata. Yakan tambaye ta cikin ladabi ko ta ga Majken. Takan ce tana hanya, sha kofinka.

Folke, maƙwabcinta, ya zo ya jingina da shinge, kamar yadda yake yi duk lokacin da wani ke aiki.

"Maman Eskil, mota kike wa fenti ko akurkin kaji?"

"Kai da shingenka ya gagare ka shafawa tun matarka na da rai."

Ya yi dariya. Ya ba ta shawarar ta tsinka fentin, ta riƙa shafawa sama-sama tana bari ya bushe. Wannan ta ɗauka. Da ya ce a tunaninsa waccan motar ta Majken ta fi wannan haske, sai ta tsayar da rolar ta ce koriya ce irin koren kwalba, kuma duk garin nan ba wanda ya kalle ta kamar yadda ita ta kalle ta. Folke ya sosa ƙeya. Ya fara cewa da shi ne ita, sai ta ce ai ba shi ba ne, ya tafi ya duba dankalinsa.

Ɗansu Eskil ya bugo daga birnin Malmö yana ta godiya, yana cewa bai san yadda zai saka mata ba. Ta ajiye wayar a kan gwangwanin fenti, ya ci gaba da magana, ta ci gaba da shafa.

Sauro suka riƙa faɗawa cikin ɗanyen fentin suna maƙalewa. Ta bar su. Ƙofofin suka fito da layi-layi, murfin inji kamar ɓawon lemo. Bayan motar kaɗai ta yi wa aiki na gaske, ta goge ta sake shafawa har sai da ya yi daidai da yadda yake a idonta.

Litinin da hantsi ta fitar da motar ta lungun baya, ta zagayo ta gaban coci, ta tsaya a ƙofar gida. Ba ta kashe inji ba. Ta danna ham.

Labule ya motsa. Mutumin da sai an riƙe shi yake sauka daga matakala, ga shi ya taho da sassarfa, jaka a hannu, ko ƙofa bai ja ba. Bai waiwayi gidan ba.

"Majken," ya ce, yana haki. "Kin zo."

"Na zo."

"Ja mu tafi, kar a gan mu."

Ta ja. Warin fenti ya cika motar. Ya ɗora hannu a gwiwarta, yana rera wata waƙar rawa ta da ƙasa-ƙasa, yana cewa tun asuba yake a shirye, kuma daga yau ba abin da zai raba su. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta. Bai zo ba. Ta lura dai cewa mai ya kusa ƙarewa, kuma akwai kore a ƙarƙashin farcenta.

A gidan tsofaffin wata nas ta fito ta tarbe su. Sixten ya gabatar da ita ga nas ɗin da alfahari, ya ce wannan ita ce Majken ɗinsa. Ta ce masa ya shiga ya zaɓa musu ɗaki, za ta ajiye mota ta biyo shi. Ya sumbaci goshinta, ya shige da ƙafarsa, ba kuka, ba allura.

Nas ɗin ta dawo bakin mota idonta ya yi ja. Ta ce ta daɗe a aikin nan, ba ta taɓa ganin matar da ta yi wa mijinta irin wannan ba.

"Ki je ki huta, Majken."

"Sunana Birgit," ta ce, tana ƙoƙarin sa giya. "Majken ta rasu, shi ya sa ya dawo hannuna. Ita ce ta zo da koriyar mota ta ɗauke min shi, ina tsaye a tagar kicin da Eskil a hannu."