Tutar Mijina

Na tsaya a kwanar titin da tutar mijina mai ruwan ɗorawa, kamar yadda na yi masa alkawari a asibiti kafin ya rasu. Shekara arba'in, duk ranar babban tseren motoci na ƙasa, shi ke tsaron wannan kwanar, yana ɗaga wa direbobi tuta idan akwai haɗari a gaba. Ni dai nawa in naɗe masa burodi da cuku, da yamma ya dawo ya ba ni labarin wanda ya wuce wani. Ban taɓa zuwa ba, ba na son ƙara.

Rugugin injuna na tasowa daga bayan daji, amma ko mota ɗaya ba ta ɓullo ba. Ko ranar ce na manta? Ko wurin na ɓata?

Wani tsoho mai kiwon shanu ya jingina da shinge. "Baiwar Allah, wa kike jira?"

"Motocin."

"To, sai dai taraktata. Shekara goma sha ɗaya ke nan da cire kwanar nan daga tseren. Sun yi sabuwar hanya can ciki."

"Haba, bara ma mijina ya yi aiki a nan."

Ya dubi tutar, ya cire hularsa. "Mai burodi da cuku? Yakan ba ni rabi. Nan yake tsayawa shi kaɗai, da ɗan rediyo a kunne, har a tashi."

Rugugin ya sake tasowa. Ban san abin da zan yi ba, sai na ga hannuna ya ɗaga tutar ga titin da ciyawa ta tsattsaga.